Gubar Dalma a Zamfara da Aikin da Ba Mu Ɗora wa Kowa Ba

A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Mutanen gari sun lura, amma maganar ba ta wuce bakin rijiya ba, don babu ofishin da ake kai wa ƙarar mutuwar agwagwa. Ba a jima ba sai abin ya koma kan yara ƙanana: amai, murɗawar ciki, jijjiga, daga nan sai a ce yaro ya cika. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke yankin domin sa ido kan sanƙarau, suka tarar da mace-macen yara da yawansu ya wuce hankali. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka aika jini ɗakin gwaji a Turai sannan aka san abin da ake fama da shi, wato dalma.

A watan Mayu masu bincike daga cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Waɗanda suka rage da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 na ɗauke da dalmar da ta kai matakin da dole likita ya ba da maganin fitar da guba. A wasu wurare an auna ƙasa aka samu dalmar da ke cikinta ta ninka sau 250 a kan iyakar da hukumar muhalli ta Amurka ta gindaya a lokacin ga filin da yara ke wasa. Kafin ƙura ta lafa, aƙalla yara 400 sun riga mu gidan gaskiya, dubbai kuma sun rayu da guba a jini, wasu da lahani a ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Zinare ya daɗe a ƙasar Zamfara, kuma an daɗe ana tonon sa. Abin da ya canza shi ne kasuwa. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 masu kuɗi suka ruga sayen zinare, farashin oza ya tashi daga wajen dala 800 ya haura 1,200 a 2010. Manomin da ke zaman kashe wando da rani ya ga dutsen bayan gari ya fi gonarsa kawo kuɗi, ya ɗauki diga. Sai aka yi rashin sa'a jijiyar dutsen da aka faɗa wa cike take da dalma, dangin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Ana ɗebo dutse a buhu a kawo gida, a farfasa da guduma, a zuba a injin niƙa irin wanda ake niƙa masara da gero, mata su daka saura a turmi, a tankaɗe, a wanke, a haɗa da zaiba don ta kama zinaren, a shanya ragowar a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a daɓe, a kan abinci, a hannun yaro mai rarrafe wanda komai ya taɓa sai ya kai baki. Daga baya masana duwatsu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka gano cewa ruwa da iska sun riga sun sauya yawancin dalmar zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ɗan Adam. Yaron da kuma abincinsa ba ya wadatar da shi da sinadarin ƙarfen jini, hanjinsa ya fi saurin zuƙe ta.

Ina so mai karatu ya dubi wannan sarƙar da kyau, domin duk maganata a kanta take. Babu gaɓa ɗaya a cikinta da ilimin ta bai kasance a Najeriya ba. Malamin ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da an ajiye masa dutsen a tebur, kallo ɗaya zai yi ya ce akwai dalma. Likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya san agwagwa da sauran tsuntsayen ruwa na cikin dabbobin da dalma ke fara kayarwa. Likitan yara ya karanta alamomin gubar tun yana ɗalibi. Mai nazarin tattalin arziki yana ganin farashin zinare kullum, ya kuma san inda talaka zai nufa idan ya tashi. Dagaci ya san gidan da aka girke inji, ya san ranar da aka daina niƙa hatsi da shi aka koma niƙa dutse. Kowa na riƙe da nasa yanki. Wanda babu shi ne mutumin da aka ɗora wa alhakin tattara yankunan nan wuri guda ya tambaya: injin da aka ƙera don gari, in ya koma niƙa dutse a cikin gida, wa zai shaƙi ƙurar?

Wannan aikin shi ake nufi da tafiyar da fasaha. Aiki ne na yanke shawarar wace na'ura ko dabara za ta shiga wane wuri, su wa za ta taɓa ban da wanda ya saye ta, me ya kamata a yi kafin ta iso, wa zai gyara ta in ta lalace, ina sharar ta za ta tafi, yaushe kuma ya kamata a janye ta. Ba a amsa waɗannan tambayoyi daga fanni ɗaya. A ganina wannan ne giɓi mafi tsada a yadda muke gudanar da al'amuranmu, kuma ya fi ƙarancin na'urori yi mana illa. Mun iya saye, mun iya ƙaddamarwa da yanka kirtani. Abin da ke biyo bayan ƙaddamarwa ne ba shi da uba.

Yadda aka magance matsalar Zamfara ya ma fi yadda ta faro nuna haka. Akwai magani, ƙwayar da ake kira sakshima, wadda ke kama dalmar da ke jini ta fitar da ita ta fitsari. Amma likitocin MSF sun tsaya kan cewa ba za a ɗora yaro kan wannan magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba ba, domin abin da aka fitar da safe zai koma ciki da yamma. Saboda haka likita, duk da maganin na hannunsa, dole ya jira injiniyan muhalli. Aka kawo kamfanin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka yi shekaru suna share dalma a garuruwan haƙar ma'adinai na can, tare da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli. Su kuma da suka iso suka tarar katafila ba ta shiga lungun ƙauye, balle zauren gidan ƙasa. Dabarar da ta yi aiki ita ce a auna kowane ɗaki da kowace tsakar gida da wata 'yar na'urar hannu mai gane ƙarfe a cikin ƙasa, matasan gari su kankare saman daɓe da fartanya, a ɗure a buhu, a kai rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

Injiniyan ma bai isa shi kaɗai ba. Gidan Bahaushe ba a faɗa masa haka kawai. Sai mai gida ya yarda, sai an sami matan da za su shiga wurin matan kulle su yi musu bayani, sai an fitar da gado da tukwane da kayan ɗakin amarya. A nan sarakuna da hakimai da limamai suka shigo, kuma da bakinsu aka samu aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Bayan duk wannan akwai sauran gaɓa ɗaya, wadda ta fi sauran wuya. In aka share gida aka warkar da yaro, uba ya dawo daga rami da ƙura a riga da gashin kai ya ɗauki ɗansa, an koma gidan jiya. Dole a gyara yadda ake aikin haƙar kansa.

To, ga jerin: a tsabtace ƙasa, a ba da magani, a sauya salon aiki, kuma kowanne yana rataye da ɗan'uwansa. Na farko na ma'aikatar muhalli ne, na biyu na ma'aikatar lafiya, na uku na ma'aikatar ma'adinai. Kowace da kasafinta, da ministanta, da babban sakatarenta. Shi jerin kansa, wato tabbatar da cewa wannan ya zo kafin wancan a kan lokaci, ba ya cikin kasafin kowa.

Bagega, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka, ita ce ta biya kuɗin wannan rashi. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011 da kuɗin masu ba da agaji da na jiha, amma Bagega ta fi su girma, gurɓatarta ta fi yawa, ga kuma babban filin sarrafa dutse a gefenta. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. A watan Mayun 2012 aka yi babban taro a Abuja kan lamarin, masana suka zo daga ƙasashe daban-daban, amma ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai babu wanda ya halarta. Yara wajen 1,500 na zaune a Bagega da guba a jini, likitoci na nan kusa a Anka da magani, an kasa haɗa su saboda ba a kankare ƙasa ba. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da wasu matasa 'yan Najeriya, cikinsu har da Hamzat Lawal da shirinsu na Follow The Money, suka cika kafofin sada zumunta da kiran a ceci Bagega, sannan gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kuɗi a farkon 2013. Aikin sharar kansa watanni kaɗan ya ɗauka. Jiran sa ya ci kusan shekara uku, kuma shekara uku a rayuwar yaro ɗan ƙasa da biyar su ne shekarun da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Duk lokacin da na tuna wannan raina yana ɓaci, domin babu wata dabara da aka rasa, babu wani bincike da ake jira.

Bayan shekara biyu kacal, a 2015, abin ya sake faruwa a Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Dutse iri ɗaya, inji iri ɗaya, alamomi iri ɗaya. Da a ce akwai wanda aikinsa ne ya ɗauki taswirar masana duwatsu ya ɗora a kan jerin wuraren da ake haƙa, ya aika wa asibitocin yankunan da gargaɗi da na'urar gwajin jini, da darasin Zamfara ya riga gubar isa Neja.

Jihar Zamfara ɗin nan dai tana da wani tsohon tabo irin wannan. Madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina tsakanin 1974 da 1978, aiki ne da injiniyoyi suka yi da ƙwarewa ta fuskar siminti da ƙarfe. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne manomin da aka hana shuka ana daidaita filaye, da wanda ruwa ya cinye gonarsa diyya ba ta iso ba, da mutanen fadamun ƙasa da madatsar waɗanda shinkafarsu da kifinsu suka dogara da ambaliyar kowace damina. Manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta amsa mutuwar sama da mutum 20, wasu masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. Ɓangaren ban ruwa na yayyafi, wanda ke buƙatar lantarki da kayan gyara kullum, daga baya ya tsaya, har sai da aka nemo rancen Bankin Duniya don farfaɗo da aikin. Tsakanin Bakolori da Bagega shekara talatin ne, kuma a duka biyun an bar fanni ɗaya ya yi magana shi kaɗai.

Kada a ɗauka ina cewa ba mu iya ba. Mun taɓa yi, a nan Arewa, kuma duniya ta shaida. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an gurɓata maganin. Masana lafiya da yawa sun ɗauki abin jahilci ne kawai, suka manta cewa mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Maganin rigakafin yana da kyau, amma ɗigo biyu a bakin yaro na buƙatar yardar uba, kuma yarda ba a ɗakin gwaji ake haɗa ta ba. An dawo da rigakafin a Kano a 2004, cutar kuwa ta riga ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abubuwa suka fara gyaruwa da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sannan a 2012 aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta shan inna a Abuja da rassanta a jihohin da cutar ta fi ƙamari.

Wannan cibiya ita ce misalin da nake so a riƙe. A ɗaki ɗaya aka zaunar da masanin yaɗuwar cututtuka, da mai zana taswira daga hoton tauraron ɗan Adam, da mai kula da firji da ƙanƙarar da ke riƙe sanyin magani, da mai biyan alawus, da mai hulɗa da malamai da masu unguwanni. Taswirar ta fito da rugage da ƙauyukan da ba sa cikin tsohon zanen hannu da ake aiki da shi, ma'ana an yi shekaru ana tsallake su. Aka ba masu allura wayoyi da ke nuna inda suka taka, ya zama ba a iya zama a gindin bishiya a cike takarda. Inda aka ga gida ya ƙi, ba a tura ɗan sanda da farko, ana tura matar unguwa da aka horar, ko mai unguwa, ko wanda shan inna ya naƙasa ya yi magana da bakinsa. Inda mutane suka ce kullum ɗigon shan inna kuke kawowa alhali zazzaɓi ke kashe mana yara, sai aka haɗa da sansanin duba marasa lafiya da ba da magunguna. An ga asalin nau'in cutar, wanda ake kira na daji, karo na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi. Da cutar Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, tsarin wannan cibiya da wasu ma'aikatanta aka ɗauka, Dakta Faisal Shuaib ya jagoranci ɗakin, kuma cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka rasu a duk ƙasar, alhali ana tsoron za ta kashe dubbai a birnin.

Na san abin da wani zai ce: wato wani kwamitin kuma kake so a kafa? Tambayar tana da hujja. Ba mu da ƙarancin kwamitocin haɗin gwiwar ma'aikatu, ko kan gubar dalma an yi su. Amma kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata uku, kowane wakili ya zo ya karanta rahoton ma'aikatarsa ya karɓi kuɗin zama ya tafi, bai haɗa komai ba. Abin da ya bambanta cibiyar shan inna shi ne akwai mutum ɗaya da za a tuhuma in aiki ya lalace, bayanai iri ɗaya kowa ke kallo a allo ɗaya, ana zama a kai a kai, kuma ɗakin yana da ikon motsa kuɗi da sauya ma'aikacin da ya gaza. In aka cire iko da kuɗi, abin da ya rage taron shan shayi ne. Gaskiya ne kuma cewa kuɗin waje masu yawa sun shiga yaƙin shan inna, daga gidauniyar Gates da Rotary da sauransu, har da gidauniyar Ɗangote a nan gida. Sai dai tsarin zama a ɗaki ɗaya ba shi ne ya ci kuɗin ba. Shi ne ma ɓangare mafi araha a cikin aikin.

Wani kuma zai ji tsoron kada a samar da mutanen da suka ɗanɗani komai ba su ƙware a komai ba. Ba na kiran a rage zurfin kowane fanni. Ina so likita ya zama likita na sosai. Abin da nake nema shi ne a cikin ƙwararrun a ware wasu a koya musu yadda ake sauraron wani fanni, yadda ake karanta kasafin kuɗi, yadda ake auna haɗari kafin a sayo na'ura, da yadda ake zama gaban dagaci a yi bayani da Hausar da zai iya maimaita wa jama'arsa ba tare da ta canza ba. Wannan na ƙarshen ana raina shi. Binciken da ya tsaya a mujallar Turanci bai isa kunnen matar da ke daka dutse ba, kuma ita ce ke tsaye a wurin da gubar ke shiga gida.

Akwai kuma hanyar da hukumomi suka fi so saboda sauƙinta a takarda, wato haramtawa. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Ban raina matsalar tsaro ba, ta ɗaiɗaita ƙauyukan nan fiye da yadda alƙalami zai iya faɗa, ta kuma hana ma'aikatan lafiya isa wurare da yawa. Amma ta fuskar dalma, mutumin da aka haramta wa sana'ar da yake ci da ita ba ya dainawa, ɓoyewa yake yi, kuma babu maɓoyar da ta fi cikin gida. Mai haƙar zinare ba ya ƙin 'ya'yansa. Gwajin da MSF da ƙungiyar OK International mai kula da lafiyar ma'aikata suka yi da masu haƙa a jihar Neja ya nuna cewa in aka riƙa fesa ruwa a bakin inji, aka ware wurin aiki nesa da gari, aka tanadi wurin wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, ƙurar na raguwa ƙwarai, dalmar jinin ma'aikatan ma na sauka. Wannan dabara ta fito ne daga zaman masanin lafiyar ma'aikata da makanike da su masu haƙar kansu, waɗanda suka san abin da za su iya ɗauka da abin da za su watsar ranar da baƙi suka tafi. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha a farkon 2022, bayan fiye da shekara goma sha ɗaya. Nauyin yanzu namu ne gaba ɗaya.

Jami'o'inmu na da babban kaso a wannan nauyi. Ɗalibin injiniyanci zai yi shekara biyar bai taɓa zama aji ɗaya da ɗalibin ilimin zamantakewa a kan wata matsala ta gaske ba, ko da tsakanin tsangayoyinsu tafiyar minti biyar ce. Malami kuma ƙarin girmansa na rataye da maƙalun da ya wallafa a fanninsa, don haka wata shida da zai yi a ƙauye tare da likitan dabbobi da masanin ƙasa asara ce a takardar ƙarin girma. Akwai cibiyar tafiyar da fasaha ta ƙasa, NACETEM, a Ile-Ife, amma cibiya ɗaya ba za ta wadatar da jihohi 36 ba. Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ban ga abin da ya fi dacewa da Jami'ar Tarayya ta Gusau ba irin ta ɗauki haƙar zinare ta mayar da shi darasin da ɗaliban kimiyyar sinadarai da na ƙasa da na tattalin arziki da na Hausa za su yi aikin kammala karatu a kansa tare, rukuni ɗaya, maki ɗaya. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund kuma zai iya ware wani kaso na kuɗin bincike da ba a bayarwa sai tsangayoyi uku sun sa hannu, kuma sai an nuna ƙaramar hukumar da za ta yi amfani da sakamakon.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta gaggawa ce shi ne dalma na sake shigowa gidajenmu ta wata ƙofar, wannan karon da sunan ci gaba, kuma ci gaban ne na gaske. Rashin wutar lantarki da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 sun sa sola ta cika kasuwanni daga Sabon Gari zuwa ƙauyuka, a shaguna, a masallatai, a asibitocin karkara, a rijiyoyin burtsatse. Ina murna da haka. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023 don faɗaɗa irin wannan wuta ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. Sai dai batirin da talaka ke iya saya galibi mai dalma da ruwan asid ne, kuma a zafin ƙasarmu 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu. In ya mutu ɗan gwangwan ne ke saye, a fasa shi da adda, a zubar da ruwan a kwata, a narka dalmar a wani kango cikin unguwa. Mai sayar da sola ya ci ribarsa, injiniyan da ya haɗa ya yi aikinsa daidai, hukumar lantarki ta ƙirga gidajen da suka sami haske. Hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da dokar kula da batura a 2024, amma doka a Abuja ba ta san kangon da ake narkawa ba. Mai unguwa ya sani, shugaban 'yan gwangwan ya sani, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ita za ta fara ganin yaron.

Ina kira ga gwamnonin jihohin Arewa, kowanne ya naɗa mutum ɗaya mai iko da kasafi, wanda duk wata kwangilar sola ta gwamnati ba za ta wuce ba sai ta nuna inda matattun batura za su koma da wanda zai biya kuɗin kwashe su. A zaunar masa da wakilin ma'aikatar lafiya, da na muhalli, da na ƙungiyar masu sayar da kayan sola, da na 'yan gwangwan, da na masarauta. A sa na'urar gwajin dalma a jini a babban asibitin kowace shiyya, a fara da gwada yaran unguwannin da ake fasa batura, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa.